Shekarar da Na Mayar da Suna Tara

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da mutanen gidansa. Dominku na rubuta shi, ke Nafisa da kai Habu, don ku biyu ne kuka yi wayon tuna daminar da muka kwana a zaure, ruwa yana feso mana ta ƙarƙashin ƙofa. Kun tashi kuna jin labarin iri biyu. A gidanmu ana cewa Baba ya kori alherin da ya zo masa har ƙofa saboda taurin kai. A gidan Malam Tasi'u kuwa ana cewa na shiga tsakanin bawan Allah da idon mahaifiyarsa. Kowace magana da gaskiyarta, amma akwai abin da duka gidajen biyu ba su sani ba, kuma ba na so in kwanta dama da shi a cikina.

Lokacin ina hedimasta a wata 'yar firamare tsakanin Gwiwa da Roni, inda duwatsu suke fara tasowa. Mu huɗu ne malamai, azuzuwa shida, saboda haka ni da kaina nake koyar da lissafi a aji shida. Malam Tasi'u shi ke koya musu Turanci. Saurayi ne ɗan Kazaure, mai kaifin kai da tsabtar riga, kuma ban taɓa kama shi da makara ba. Bayan an gama kaka aka kira mu taro a Kazaure. Wata ƙungiya mai taimakon makarantu ce ta zo da tsari: a kowane yanki, makarantar da 'yan aji shidanta suka fi cin jarrabawar shiga sakandare, za a ba malaman ajin da hedimasta tukwicin ƙwazo, kusan albashin wata uku. Niyyarsu mai kyau ce, na shaida. Amma da aka zo bayanin yadda za a auna, sai aka ce za a duba waɗanda suka zauna jarrabawar ne, a ga nawa suka ci nawa suka faɗi.

A hanyar komawa ina bayan babur ɗin Malam Tasi'u, muna wuce gonakin da aka riga aka sare karansu, sai ya rage gudu ya ɗan juyo.

"Ranka ya daɗe, ka ji abin da na ji kuwa? Waɗanda suka zauna aka ce."

"Na ji."

"To wanda bai zauna ba ai bai faɗi ba."

Na ce masa ya dubi hanya, akwai rami. Amma maganar ta riga ta shige ni, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na kore ta ba. Yara ashirin da takwas ne a ajin. Goma sha tara muna da ran za su ci. Tara kuwa sun yi nisa a baya, yawancinsu 'ya'yan makiyayan da ke zaune a bayan dutse, da waɗanda iyayensu ke ɗauka gona ko kasuwar Gwiwa duk mako. Malam Tasi'u yana da dalilinsa: yanar ido ta rufe wa mahaifiyarsa gani, an ce sai an yi mata aiki, shi kuwa albashinsa ba ya kai ƙarshen wata. Ni ma ina da nawa. Ɗakin innarku soro ne, gara ta cinye azararsa, damina biyu ke nan tana jera kwanuka a ƙasa tana tarar ruwa. Da na ba ta labarin tukwicin, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, wannan karon dai kar ka yi mini irin naka. Kwano nake so a kan ɗakin nan, ba wa'azi ba."

Ga abin da ba ku sani ba. Ba wanda ya tilasta mini. Ni ne hedimasta, fom ɗin rajistar jarrabawa a hannuna yake. Da hannuna na ɗauki biro na soke suna tara. Na tara yaran a gindin darbejiya na ce musu su dakata sai baɗi, za su fi ƙwari. Alhali na sani sarai, a ƙauyenmu yaron da aka ce ya dakata sai baɗi ya tafi ke nan, gona ko kiwo sun ɗauke shi. Na rubuta wa iyayensu takarda da boko, na buga hatimin makaranta, na ba yaran su kai gida. Ran nan na yi sallar La'asar, na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa abin da zan roƙa.

Kwana uku bayan haka, ranar Litinin da hantsi, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar ofis. Jauro Buba ne, babban makiyayan bayan dutse, dogo siriri, sandarsa a kafaɗa. 'Yarsa Hassatu tana cikin taran. Ya tuɓe takalmi a waje kamar zai shiga masallaci, ya ƙi kujera, ya tsuguna. Muka gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi iyali, sannan ya ce:

"Modibbo, na zo ne in ji laifin Hassatu. In sata ta yi ko rashin kunya, ka gaya mini, ni na san yadda zan yi da ita."

Na ce ba ta yi laifi ba, yarinya ce mai ladabi, karatun ne dai bai zauna mata ba tukuna.

"Tun yaushe?"

"To, gaskiya tun tana aji uku take baya."

Ya dubi ƙasa. Da ya ɗago, muryarsa ba ta tashi ba.

"Shekara shida, Modibbo, ni nake sakin maruƙa da safe, aikin da yake nata. 'Yan'uwana suna mini dariya, wai Jauro ya koma yaro. Na ce ba komai, tana karatu. Ashe tun shekara uku da suka wuce ka san ba ta yi, ba ka gaya mini ba?"

"Haba Jauro, ai kowane zango muna aiko muku da takardar sakamako."

"Masu jan biron nan? Uwarta tana jin daɗinsu ƙwarai, da su take ƙunsa kanwa da barkono. Ni kuwa da na ga ja ya fi yawa a tata fiye da ta 'yar maƙwabcina, sai na ɗauka yabo ne. Har akuya na taɓa ba ta a kai."

A kan teburina akwai ɗan littafin da nake rubuta abubuwan kaina, kuma kun san ni, abin da ya shafe ni da ajami nake rubuta shi, don da shi na buɗe ido a zauren mahaifina tun kafin in san akwai boko a duniya. Idon Jauro ya faɗa kan shafin da ke buɗe. Ya nemi izini ya ɗauka da hannun dama, ya ɗan nisanta shi da fuskarsa, sai na ji yana karantawa tiryan-tiryan ba gargada: a sayo alli, a gyara ƙofar aji biyu, a je gaisuwar rasuwa Roni. Ya rufe, ya ajiye a hankali.

"Ashe ka iya rubutu na gaskiya. To me ya hana ka rubuto mini da wannan?"

Shekarata goma sha ɗaya a makarantar nan. Na san kusan kowane magidanci a garin ya yi allo, mata da yawa ma sun yi. Na san duk asuba, in an sauko daga masallaci, uba yakan zauna a ƙofar gida yaro ya biya masa allonsa, kuma ba a wanke allo sai an biya daidai. Mutanen da muke zama a ofis muna cewa ba su damu da karatun 'ya'yansu ba, su ne waɗannan. Kullum suna bin karatun 'ya'yansu baƙi da wasali. Namu ne kawai muka rufe musu da rubutun da ba su sani ba, sannan muka juya muna zarginsu.

Ranar Alhamis za a rufe karɓar fom. Da aka tashi yara a ranar Litinin ɗin na kira Malam Tasi'u na ce masa zan mayar da sunayen.

"Duka taran?"

"Duka."

"Ranka ya daɗe, wata huɗu ya rage. Yaron da bai iya sau bakwai ba a shekara shida, a wata huɗu zai iya? Makarantar da ke gabanmu yara goma sha biyar kawai za su kai, kowa ya sani. Mu ne waliyyai?"

"Ba waliyyai ba ne mu. Malamansu ne."

"To kai ɗaki za ka rasa. Ni idon uwata ne. Da ka soke sunayen ba ka tambaye ta ba, yanzu da za ka mayar ma ba ka tambaye ta ba. In kana son lada, Ranka ya daɗe, ka nema da abinka, ba da nawa ba."

Har yau ban sami amsar wannan magana ba, kuma ba na so ku ɗauka na samu. Abin da na iya ce masa kawai shi ne, tukwicin ba a hannunmu yake ba tukuna, amma kujerar jarrabawar yaran nan haƙƙinsu ce tun ranar da iyayensu suka kawo mana su. Ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita. Ranar Laraba na hau kekena na kai fom, suna ashirin da takwas, tara a cikinsu an soke an sake rubutawa a gefe.

Daga nan na shiga aikin da ya cinye mini sauran shekarar. Kowace Alhamis kowane ɗan aji shida yakan koma gida da 'yar takarda ta ajami, da tawada da alƙalamin kara, yadda idon iyayen ya saba. A sama Bismillah. A ƙasa karatun mako, layi uku kowace rana: bakwai sau takwas, hamsin da shida, in an raba arba'in da biyu gida shida, kowa bakwai. A can ƙasa kuma saura mako kaza jarrabawa. Uba ko uwa su riƙe takardar, yaro ya biya da ka, in ya biya daidai a ɗiga masa tawada a gefen layin, in bai biya ba a bar wurin fari. Ran Litinin in duba ɗige-ɗigen in san inda zan tsaya da kowa. Ban yi wa taran kaɗai ba, duka ajin na yi wa, don kar a nuna wasu da yatsa. Innarku ce take yanka mini takardun da reza, tana yanka tana mita.

"Mutum ya yar da kwanon rufi, ya zo ya sa ni aikin ɗab'i. In damina ta zo sai mu lulluɓa da waɗannan."

Amma ko mako ɗaya ba ta fasa ba, kuma tsawon takardunta ɗaya kamar an auna. Ku riƙa sa ta a addu'a.

Bismillar nan ita ta jawo mini kira daga Liman. Na same shi a zaurensa bayan La'asar, ɗaya daga cikin takardun a kan buzunsa.

"Malam Hedimasta, sunan Allah a kan bakwai sau takwas? Gobe kuma sai mu gan shi a kan me?"

"Allah ya gafarta Malam, ai da bakwai sau takwas kuke raba gado. Kuma takardunmu na da, barkono aka ƙunsa da su. Wannan kuwa na san ba mai yar da ita."

Ya shafa gemu yana murmushi.

"Wato ka ɗaure mu da igiyarmu. To na yarda, da sharaɗi: duk ranar da na tsinci ɗaya a ƙasa, kai zan kama."

Ranar Juma'a bayan sallah shi da kansa ya yi wa jama'a bayani. Kuma har aka yi jarrabawa bai tsinci ko ɗaya ba. Na ga takardun nan a cikin gafaka, na gan su a soke a jikin azara, na ga wata tsohuwa ta ɗaure ta jikanta a bakin zane. Mako uku Malam Tasi'u bai ce mini komai ba sai gaisuwa. A na huɗu na tarar da takarda a kan teburina, kalmomin Turanci ashirin da ma'anarsu, ba sa hannu. Na mayar da su ajami yadda ake furta su. Haka muka yi ta yi har ƙarshe, yana ajiyewa ina ɗauka, ba wanda ya taɓa ambatar abin. Wannan ma gidansa ba su sani ba, ya kamata su sani.

Kar ku ɗauka kowa ya karɓa. Mati mai shago, wanda ɗansa ke cikin taran, ya tare ni a bakin kasuwa da takardar a hannu.

"Malam, ni na ba ku yaro, kai kuma ka aiko mini da aiki? In ni zan koya masa, to a ƙarshen wata sai mu raba albashin."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce masa ba koyarwa na ce ya yi ba, saurare kawai, kamar yadda yake sauraren allo. Ya ce allo don lahira ne. Takardun ɗansa fari fat suke dawowa. Da ruwan shuka ya sauka kuwa, rabin ajin ya watse gona. Na bi su a keke, gona-gona, ina roƙon a bar mini su zuwa Azahar. Waɗanda suke ɗiga tawada ba su ba ni wahala ba, don sun san saura mako nawa, da idonsu suke gani yana raguwa. Wata safiya na isa rugar Jauro rana ba ta gama fitowa ba. Na same shi a tsugune yana tatsa, takardar a maƙale a bakin hularsa, Hassatu tana riƙe da ɗan maraƙi tana biya masa sau tara. Ta ce tara sau shida hamsin da shida. Bai ko dubi takardar ba.

"Da huɗu, 'yar nema. Ni da ban shiga aji ba na haddace, ke kina nan kina ƙara wa mutane shanu biyu."

Sakamako ya fito ana tsakiyar marka. Cikin goma sha taran nan ɗaya ne kaɗai ya faɗi. Cikin taran, biyar suka ci, har da Hassatu. Huɗu suka faɗi, har da ɗan Mati. Tukwicin ya tafi makarantar da ke gabanmu. Malam Tasi'u ya kira ni aji shida, ya ɗauki alli ya lissafa mini a kan allo cewa da goma sha tara muka kai, da namu ne. Lissafinsa daidai ne. Ko goma sha taran za su ci haka ba tare da takardun ba, Allah ne ya sani, ban kuma ce masa komai a kai ba. Ya ajiye allin, ya karkaɗe hannu. Kafin ƙarshen shekara ya nemi canji zuwa wajen Babura. Aikin idon mahaifiyarsa sai bayan shekara guda aka yi, kuma ido ɗaya ne ya buɗe. Na je na tsuguna a gabanta na nemi gafara. Ta ce ta yafe. Ɗanta ya raka ni ƙofa, ya ba ni hannu, bai dube ni ba.

A cikin makon sakamakon ne soron innarku ya rufta, da rana tsaka, Allah ya sa kuna waje. Muka kwashe abin da ya tsira muka koma zaure. Ta tsaya tana kallon tarin ƙasar da ya danne gadonta na aure, na jira ta faɗi abin da ta ga dama, don ta cancanta. Can ta ce:

"Su nawa ka ce suka ci cikin taran?"

"Biyar."

"To ɗauko mini tabarmar can kafin ta jiƙe."

Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, daga ranar har ta koma ga Allah. Ba wanda ya zo ya rufa mana ɗaki, kar wani ya ƙara wa labarin gishiri. Da rani na sake neman azara muka mayar da ƙasa, kwano kuwa sai bayan shekara huɗu. Hassatu ma ba ta zama wata babba a gwamnati ba. Ta gama sakandare, tana gidanta, ita ke karanta wa ruga duka takardun asibiti da na makaranta.

Bayan damina ta ɗauke, Jauro Buba ya sake yin sallama a ofis, ya tuɓe takalmi, ya ƙi kujera. Ya ciro wata tsohuwar gafaka daga cikin rigarsa ya ajiye a gabana. Takardun Hassatu ne, goma sha shida, a jere, ko ɗaya ba ta ɓata ba, kowane layi da ɗigonsa, wasu da tabon nono.

"Modibbo, akwai sunan Allah a jiki, mu kuwa masu tashi ne, ina tsoron su faɗi a hanya. Ka ajiye a wurinka. Sannan ƙaninta yana aji uku. Kar ka jira sai aji shida. Duk ran da ka ga ja a takardarsa, ka rubuto mini da baƙi."

Daga shekarar nan har na yi ritaya, kowane aji na makarantar nan yana kai takardar ajami gida ran Alhamis, ko da tukwici ko babu. Gafakar tana cikin akwatin ƙarfena, ƙarƙashin Alƙur'anin mahaifina. In na rasu kar ku yar, kar kuma ku ƙona. A ciki za ku tarar da kwafin fom ɗin rajistar, suna tara an ja musu layi. Ku dubi layin da kyau, hannuna ne, ba na Malam Tasi'u ba. Da za a mayar da ni shekarar nan, zauren nan za mu sake kwana, ku yi haƙuri. Abin da kawai zan canja shi ne ba zan ja layin ba tun farko. Allah ya yafe mini kwana biyar ɗin da sunayen suka yi a soke, ya jiƙan innarku, ya haskaka kabarin mahaifiyar Malam Tasi'u.